Lamba a Takarda, Amo a Kunne: Gardamar Koyon Jita a Yalwa

Da kakar bara, ana tsakiyar yankan dawa, na je gida Yalwa ta ƙasar Rano, na tarar da baƙuwa a zauren yayana. Jita ce jingine da bango, fentinta ya koɗe, an liƙa mata salatif a gindi inda ta tsage. Wani mai yi wa ƙasa hidima da ya koyar da ɗan yayan nawa ne ya sayar masa da ita da zai tafi, ya haɗa masa da wani littafin rubutu mai jan bango. A kowane shafi an ja layi shida a kwance, an warwatsa lambobi a kansu: 0, 2, 3, 5, 7. Ban da sunan waƙa a sama, babu kalma ko ɗaya.

Da la'asar sai ga wani tsoho daga dangin mahaifiyarmu ya shigo gaisuwa. Ya yi shekaru yana kaɗa wa mafarauta garaya kafin ya rataye ta. Ya ɗauki littafin, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Kai yaro, wannan hatimi ne ko lissafin bashi?"

"Kiɗa ne, Kawu."

"Kiɗa?" Ya kara littafin a kunne, ya yi kasaƙe. "To, ni dai ban ji komai ba."

Aka kwashe da dariya, amma maganar ba ta mutu nan ba. Wani tsohon hedimasta da ke zaune ya shigar wa yaron, kafin a kira magariba zauren ya rabu gida biyu. Kwana uku na yi, kullum da yamma sai an tayar da ita, ni kuma na koma Kano da ita a kaina. Ba a kan halacci ko haramcin kiɗa aka yi gardamar ba, wannan fagen malamai ne kuma sun daɗe a cikinsa. Tambayar ƙarama ce: wanda ya riga ya ɗauki jita, ya koye ta daga takarda, ko ya koye ta da kunne yadda makaɗan ƙasar nan suka saba?

Abin da ke cikin jan littafin

Masu jita suna kiran wannan rubutu "tab". Da Hausa sai a ce rubutun tsirkiya. Jita tana da tsirkiya shida, wuyanta kuma a rarrabe yake gaɓa-gaɓa kamar rake, da 'yan ƙarafa da aka gitta. Kowane layi a takarda tsirkiya ɗaya ce. Layin sama shi ne siririyar tsirkiya, wadda in ka rungumi jita take can ƙasa wajen cinyarka, abin da ke rikita kowane sabon shiga a ranar farko. Lamba kuma ita ce gaɓar da za ka danne da yatsan hagu. In ka ga 3 a layi na biyu, ka danne tsirkiya ta biyu a gaɓa ta uku ka kaɗa. In ka ga 0, ka kaɗa ta a sake. In lambobi sun hau kan juna a tsaye, a tare ake buga su. Ana karantawa daga hagu zuwa dama kamar boko. Akwai 'yan haruffa na ƙari: h na nufin ka sauke yatsa da ƙarfi a kan tsirkiya ba tare da ka sake kaɗa ta ba, b ka tura ta sama har amonta ya ɗaga, x ka toshe ta ta yi ƙaf. Shi ke nan, an gama darasi.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce wannan sauƙin. Hedimasta ya ce ya koyar da yara karatun boko shekara talatin, bai taɓa ganin rubutun da ake iya karanta shi tsakanin azahar da la'asar ba sai wannan. Rubutun kiɗa na Turawa, mai ɗigo-ɗigo da wutsiyoyi a kan layi biyar, yakan ci wa mutum watanni kafin idonsa ya saba, kuma ko ya saba, amo kawai yake gaya maka, ba ya gaya maka inda za ka same shi. A jita kuwa amo ɗaya yana zaune a gidaje da yawa. Abin da siririyar tsirkiya ke faɗa a sake, shi ne tsirkiya ta biyu ke faɗa a gaɓa ta 5, ta uku a gaɓa ta 9, ta huɗu a gaɓa ta 14. Mai koyo sai ya tsaya ruwan ido. Tab ya zaɓar masa gida ɗaya ya ce nan za ka shiga.

Sannan suka tambaya: wa zai koyar da jita a Yalwa? Wannan tambaya ce mai nauyi. Kiɗan zamani na Kano ba a kan jita ya ginu ba. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa, piyanon Yamaha ne ya riƙe sitidiyo, shi ne ganga, shi ne sarewa, shi ne ma jitar idan ana bukatar muryarta. Yaron da ke son piyano zai sami wanda zai raɓa a Kano. Mai son jita sai dai ya nufi majami'u, ko wuraren shaƙatawa na Sabon Gari, ko ya dangana da Kaduna da Jos. Yaron da ke gona da safe, makaranta da hantsi, Islamiyya da yamma, yaushe zai yi wannan tafiya? Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, in ji hedimasta, kuma wannan uwar ɗakin ba ta gajiya, ba ta tsawa, ba ta cin data. Ka kwafe ta sau ɗaya da biro, ko waya ta mutu babu caji tana nan.

Akwai kuma abin da ba a faɗa da ƙarfi ba a zauren, amma kowa ya san shi. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo. Ɗan gidan malamai ko na sarauta ba ya zuwa ya durƙusa gaban makaɗi ya ce koya mini, gari zai ɗauka. Ko Mamman Shata, da bai gaji waƙa ba, sai da ya sha fama da mahaifinsa a kanta. Yarinya kuwa ba a ma maganarta. Takarda ba ta tambayar ɗan wane ne kai. Tana shiga ɗakin da malamin kiɗa ba zai taɓa shiga ba, kuma wanda ya koya da ita bai zama yaron kowa ba, bai ɗauki jakar kowa ba, bai yi wa kowa amshi shekara bakwai kafin a bar shi ya taɓa tsirkiya ba.

Martanin masu kunne

Kawu bai yi musun ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cewa ya yi a miƙo masa jitar. Bai taɓa riƙe irinta ba. Ya yi watsi da tsirkiya huɗu, ya ɗan murɗa kunnen ɗaya daga cikin biyun da ya zaɓa har ta yi masa yadda yake so, ya fara kaɗa wani taken mafarauta. Da farko yatsunsa suna tuntuɓe da ƙarafan, yana tsaki. Can sai abin ya kama. Ƙafar hedimasta ma sai da ta motsa.

Ya tsaya ya ce, "To, rubuta wannan."

Yaron ya sa shi ya maimaita a hankali, ya bi yatsunsa da ido, ya rubuta. Layi biyu ne kacal, lambobin ba su wuce iri huɗu ba. Washegari ya kaɗa mana abin da ya rubuta. Bai kuskure lamba ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya gane taken. Kamar mai karanta jerin sunayen 'yan aji.

Nan ne zuciyar hujjarsu take. Tab yana gaya maka ina, ba ya gaya maka yaushe. Irin wanda ke yawo a hannun masu koyo ba ya nuna wane amo ne za a ja, wane za a datse, ina za a yi jinkiri kamar an manta sannan a faɗo a kan gaɓar kiɗa. Kiɗanmu kuwa a nan ransa yake. Kayan tsirkiyarmu ba su da yawan murya: garaya biyu, molo uku, goge da kukuma ɗaya-ɗaya. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. In ka rubuta kiɗansa da tab, layi ɗaya za ka samu da 'yan lambobi suna maimaita kansu. Duk abin da ya sa shi ya zama Ɗan Maraya, saurin hannun dama, yadda kuntigin ke amsa masa magana kamar abokin hira, yadda yake ƙara wuta in labari ya kai inda ya kai, ba ya cikin layin nan.

Sai batun ƙarafan wuyan jita. Sun raba tsanin muryoyi gida goma sha biyu daidai wa daida, tab kuma lissafin waɗannan gidaje ne. Garaya da gurmi da goge ba su da ƙarfe ko ɗaya a wuya. Yatsa yana sauka inda kunne ya ce, yana zamewa, yana iya tsayawa tsakanin 3 da 4, inda takarda ba ta da lamba. Kuma makaɗin Hausa ba amo kawai yake bugawa ba, magana yake yi. Take yana bin hawa da saukar kalmomin kirari, shi ya sa mai take yakan ji an kira shi tun daga nesa alhali ba a buɗe baki ba. Wanda bai san kalmomin da ke ƙarƙashin kiɗan ba, ko ya haddace lambobi dubu, bai san abin da yatsunsa ke faɗa ba.

Kawu ya ƙara da abin da ya fi damunsa. Ido in ya sami aiki, kunne sai ya kwanta. Ya lura yaron ba ya iya ɗaura tsirkiyarsa sai ya buɗe wata manhaja a waya ta nuna masa kore. Ran da wayar ba caji, jitar ta kwana a karkace bai ma sani ba.

Masu takarda sun dawo

Nan hedimasta ya sauya fage, ya koma tarihi, kuma a ganina nan ne ya fi ƙarfi. Ya ce Kawu yana magana kamar rubuta kiɗa bidi'ar yaran waya ce. Ba haka ba ne. A Bagadaza, Safiyuddin al-Urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya rubuta muryoyin kiɗa da haruffan abjadi a littafinsa Kitab al-Adwar, haruffan nan dai da malamanmu ke lissafi da su. A ƙasar Sin, wani ɗan sarki mai suna Zhu Quan ya wallafa tarin kiɗan molonsu mai tsirkiya bakwai a 1425, da rubutun da ke nuna wace tsirkiya, wane yatsa, wane wuri. A Benis ta Italiya, Ottaviano Petrucci ya buga littafin tab na kayan kiɗan da Turawa suka samo daga udin Larabawa a 1507. Mutanen da suka tsara waɗannan kaɗe-kaɗe sun zama ƙasa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, amma yau ɗalibi yana buɗe shafi ya aza yatsa inda suka aza.

Mu fa? Rano tana cikin Hausa Bakwai, sarakunanta sun yi makaɗa tun ba a san ƙidaya ba. Wa zai iya kaɗa mana abin da aka kaɗa a fadar shekara ɗari biyu da suka wuce ya rantse haka yake? Narambaɗa ma, da ya yi zamani da na'urar ɗaukar murya, abin da aka ɗauka ne kawai ya rage mana, sauran ya tafi da shi. Littafin da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da kalmomin sana'ar, amma littafin kalmomi ne. Sunan garaya ba ya koya wa kowa garaya.

Ya juya ya dubi Kawu. "Malam, tsakaninka da Allah, yara nawa ka koya wa?"

Kawu ya ce biyu. Ɗaya yana acaɓa a Legas, ɗaya ya rasu.

"To, ran da ka bi shi, Allah ya sa da nisa, ina takenka zai kwana?"

Zauren ya yi tsit. Hujjar ita ce, koyo da kunne sarƙa ce, zobe ɗaya ya tsinke an gama. A Nijar kaɗan ya rage a yi asarar biram, molon masuntan Buduma na Tafkin Cadi mai tsirkiya biyar, don ya rage a hannun tsoho guda, Boukar Tar. Allah ya sa Malam Maman Barka ya je ya karɓa a wurinsa a farkon shekarun 2000. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru fa? Rubutu gurgu ne, in ji masu wannan ra'ayi, amma gurgun da ya iso ya fi mai gudun da ya faɗi a hanya.

Masu kunne ba su sallama ba

Wannan ɓangaren ba a zauren na ji shi ba. A Kano na ji shi, daga bakin wani ɗan Agadas mai gyaran waya da ke kaɗa jita in ya tashi daga aiki. Da na ba shi labarin jan littafin, dariya ya yi, ya ce a lissafa masa manyan masu jitar Sahel a nuna masa wanda ya tashi da takarda.

Ali Farka Touré na Niafunke a Mali da ƙaramin molo mai tsirkiya ɗaya ya fara. Ya ga Fodéba Keïta yana kaɗa jita a 1956, ya ɗauko abin da hannunsa ya riga ya sani ya zuba a kanta, har faifansa da Ry Cooder na 1994 ya ci kyautar Grammy. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, da suka ci tasu a 2012, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko. Mdou Moctar na yankin Abalak shi ma da wayar keke ya fara, iyayensa ba sa so. Kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon muryar waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka bazu cikin Sahara daga waya zuwa waya. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad da jitar yayanta ta koya wa kanta. Wannan ta amsa maganar cewa mace ba ta da hanya sai takarda.

Abin da ya haɗa su, in ji shi, jita ce ta koyi harshensu. Sun murɗa kunnuwanta yadda suke so, sun bar tsirkiya mai kauri tana gurnani a ƙasa kamar ganga, sun sa hannun dama yana tafiyar raƙumi. Da sun fara da tab, da jitar ce za ta koya musu nata harshen. Domin wa ya rubuta tab ɗin da ke yawo a duniya? Galibinsa waƙoƙin Amurka da Ingila ne. Na duba jan littafin ɗan yayana da kaina, shafi ashirin da wani abu, babu waƙar Afirka ko ɗaya. Yatsa kuma yana da ɗabi'a. Abin da ya saba da shi a shekarar farko, can zai riƙa komawa ko mai shi bai aike shi ba.

Ya kawo wata hujjar da ban taɓa tunaninta ba. Tab ba daga sama yake saukowa ba. Wani ne ya zauna ya saurari waƙar, ya laluba, ya rubuta abin da ya ji. Ashe kunnen wani kake aro, kuma ba ka san ko kunnen kirki ba ne. Waƙa ɗaya sai ka ga an rubuta ta iri biyar, kowanne da nasa kuskuren. Wanda bai horar da kunnensa ba, da me zai tantance? Sai ya haddace kuskure ya riƙe shi gam, don ya gan shi a rubuce.

Game da Malam Barka kuwa, ya ce hedimasta ya ɗauko sandar da za a doke shi da ita. Barka malamin makaranta ne, ya iya rubutu sarai. Amma da ya tashi ceton biram, tafiya ya yi ya zauna gaban tsohon.

Tankaɗe da rairaya

Na daɗe ina juya maganar, sai na ga amsar rabinta tana cikin rubutun da nake yi yanzu. Bokon Hausa ma tab ne. Ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna ja da datsewa. In na rubuta "gari", ba ka sani ba ko na zama ne ko na tuwo. In na rubuta "wuya", ko ta jita ce ko ta rayuwa. "Fari" launi ne ko rashin ruwan sama. Duk da haka muna karanta jarida ba mu tuntuɓe, domin harshen yana cikin kunnenmu tun muna goye, takarda tuni kawai take yi mana. Ba wa Bature shafin nan ka koya masa haruffa, zai furta kowane harafi daidai, kuma ba za ka gane me yake cewa ba. Abin da ya faru da taken Kawu a hannun yaron ke nan.

Wannan ya ba masu kunne gaskiya a babban abu: tab ba ya aiki sai ga wanda ya riga ya ji waƙar har ta zauna masa. Sinawan da hedimasta ya kafa hujja da su ma haka suka tarar. Tsohon rubutunsu bai fayyace tafiyar lokaci ba, sai gwani ya shafe watanni yana laluben yadda za a raya kiɗa ɗaya daga takarda, kuma gwanaye biyu ba sa fitowa da abu ɗaya. Amma kwatancin ya ba masu takarda tasu gaskiyar. Babu wanda ya ce a daina rubuta Hausa don boko bai kama karin murya ba. Rubutattun waƙoƙinmu, na ajami da na boko, a takarda suke, karinsu kuma a bakin masu rerawa, an rayu a haka ɗaruruwan shekaru ba wanda ya kashe wani.

Hujjar gwanayen Sahara tana da kyau, amma akwai rami a cikinta. Waɗannan mutane ba su da takarda, amma suna da jama'a. Bombino na Agadas ya yi ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler, ya kuma sami maigida, Haja Bebe, wanda ya sa shi cikin ƙungiyarsa. A Agadas jita ce kiɗan biki, yaro yana ganin yatsun manya tun yana rarrafe. Yalwa ba ta da wannan. Faɗa wa yaron da shi kaɗai ne mai jita a unguwarsu ya koya yadda Bombino ya koya, kamar ka ce ya koyi iyo a tsakar gida ne. Kuma labarin waɗanda suka yi nasara muke ji. Waɗanda suka laluba wata shida ba su fitar da waƙa ɗaya ba suka jingine jitar, ba a yi musu faifai ba.

Ita ma hujjar adanawa ta hedimasta ta rage kaifi tun da waya ta shigo aljihu. In ana tsoron taken Kawu ya ɓata, bidiyon minti uku ya fi shafi goma riƙe shi, da amo, da lokaci, da yadda yake karkata kai. Sai dai bidiyo yana nuna maka abu ya wuce, takarda tana tsayar da shi ka dube shi. Kuma wayoyi nawa suka faɗa rijiya da hotunan biki a cikinsu? Manhajoji irin su Guitar Pro da Songsterr sun ɗan toshe ɓarakar, suna nuna tsawon kowane amo, suna kaɗa maka shi kana bi. Amma suna son data da caji, wato sun ci rabin sauƙin da aka yabi takarda da shi, kuma babu taken mafarautan Rano a cikinsu.

In an matsa mini, ga inda na karkata. Ban ga laifin lambobin ba, laifin jeri na gani. Yaron da ya fara buɗe shafi kafin ya ji waƙa ya sa keke gaban doki, kamar yadda ake cewa. Wanda ya ji ta har yana iya rera ta da baki, ya laluba da kansa, sannan ya duba takarda inda ya maƙale, bai yi asarar komai ba. Wanda kuma ya rubuta tab da hannunsa, daga abin da kunnensa ya ɗauko, shi ya fi kowa riba, don rubutawar kanta horon kunne ce. Akwai ma sa'a ɗaya da ke gefenmu: yawancin kiɗanmu a kan muryoyi biyar yake tafiya, kuma akwai wani tsari da kowane mai koyon jita ke haddacewa, 5 da 8, 5 da 7, 5 da 7, 5 da 7, 5 da 8, 5 da 8, daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya, wanda muryoyi biyar ne shi ma. Yaron da ya riƙe shi zai ji karin waƙoƙin gida da yawa suna leƙowa daga ƙarƙashin yatsunsa.

Inda ban iya yanke hukunci ba shi ne abin da rubutu ke yi wa kiɗan da bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Take yana sauyawa da wanda ake yi wa, da yawan jama'a, da abin da ke ran makaɗi a ranar. Ran da aka rubuta shi, an sami "daidai", sauran kuma sun zama kuskure. Hedimasta zai ce gara a tsira da guda ɗaya da a rasa duka. Kawu zai ce wanda aka tsirar ɗin gawa ce. Na kasa ƙaryata ko ɗayansu.

Da ƙaramar salla na sake komawa. Jan littafin ya cika, an shiga wani. Sababbin shafukan da rubutun yaron ne, layi biyu-biyu maimakon shida, kuma a saman lambobin ya rubuta kalmomin kirarin da kowane yanki ke faɗa, ya ja dogon layi inda ake ja, ya ɗiga ɗigo inda ake datsewa. Ashe tun bayan tafiyata yake zuwa gidan Kawu da dare, Kawu kuma ya sauko da garayar daga inda ya rataye ta. Na tarar da su suna kan wani take.

"Kawu, jiya ba haka ka kaɗa wurin nan ba. Ga shi na rubuta, uku ne sannan biyar."

"Jiya kai kaɗai ne. Yau baffanka ya zo daga birni."

"To wanne zan bari?"

Kawu ya ci gaba da kiɗansa. Yaron ya dube ni, ni ma ban ce komai ba. Ya ɗan ciji gindin biro, ya ja sababbin layuka biyu a ƙarƙashin na jiya, ya fara rubuta na yau.